Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Masu Rera Tsofaffin Waƙoƙi

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne. Ga abin da kwamiti ya gudanar a bana.

Zama bai canja ba: maza ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa, mata a cikin gida, kowa ya watse kafin magariba. An dakata a watan azumi, an kuma dakata daga shuka zuwa maimai, don ba mai barin gona ya zo amshi.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne kwashe waƙoƙi daga kaset zuwa memori. Yawancin abin da kuka kawo na Mamman Shata ne, sai gurmin Haruna Uji na ƙasarmu Haɗeja, sai Barmani Coge daga ɓangaren mata. Kaset mai lamba 60 minti 30 ne kowane gefe, mai lamba 90 kuma minti 45, amma zarensa ya fi siriri, shi ya fi ba mu wahala. Wanda ya daɗe a akwati cikin zafi zarensa yakan manne, don haka kada a jefa shi rediyo kai tsaye. A fara juya shi da biro a hankali daga farko har ƙarshe. Sannan a goge bakin ƙarfen da ke karanta zare, da robar da ke jan sa, da auduga mai ɗan sifirit, a bari su bushe. Robar nan in ta yi datti ita ke cin zare. In zare ya tsinke, a haɗa shi da siririn salatif ta baya, gefen da ba ya gogar ƙarfen.

Kuskure biyu suka sa aka maimaita ɗauka. An ajiye wayar hannu gaban lasifika, sai kukan awaki da ƙarar babur suka shiga ciki. Yanzu ana jona igiya daga ramin iyafis zuwa kwamfuta, a bar ƙara a tsakiya. Na biyun ya fi ɓarna: batir ya yi sanyi, kaset ya riƙa jan jiki, murya ta yi kauri, har wasu suka hardace waƙa a haka. Kowace ɗauka da sabon batir za a yi ta.

Maganar amshi kuwa, sai mun faɗa wa juna gaskiya. Kowa so yake ya zama mai bayarwa, ba mai son karɓa, alhali waƙar kalangu a kan 'yan amshi take tsaye. Tsarin da ya yi aiki shi ne a saurari waƙa sau biyu, a kashe rediyo, a koyi amshin shi kaɗai har ya zauna, sannan mutum ɗaya ya ɗauki baitoci. An rubuta su da boko da ajami, saboda dattawanmu da yawa ajamin suka fi karantawa. Baitocin zambo da suka kama suna an tsallake su, don masu sunan suna da jikoki.

Kalangu ya sha ɗanyantar damina, fata ta saki, sauti ya toshe. A shanya shi ɗan lokaci a hantsi kafin zama, amma kada a kanga shi a wuta, fatar tsagewa take yi. A rataye shi, kada a bar shi ƙasa, ɓera na cin tsirkiya. Ƙoren mata biyu sun fashe da hunturu, an kai ɗinki, sai dai ƙwaryar da aka ɗinke ba ta komawa muryarta ta da. Sababbi za a saya da kaka.

Ma'aji zai karanta lissafin kuɗin wata-wata a taro mai zuwa. Mai bashi ya biya kafin ranar. Wanda ke da sauran kaset a gida ya kawo shi cikin leda, da sunansa a jiki, za a mayar masa bayan an kwashe.

Sakatare, a madadin kwamiti