Masu gidajen haya a Makka, a shiga Ijar tun da sauran lokaci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan uwana Hausawa masu gidajen haya a nan Saudiyya, musamman dattawanmu na Misfala da Rusaifa da Shara Mansur, waɗanda har gobe da fatar baki suke ba da haya. A haɗu bayan la'asar, a yi shaidu biyu, a shafa Fatiha, a miƙa makulli. Iyayenmu sun yi haka an zauna lafiya, amma yau doka ba ta san da wannan ba, sai abin da aka shigar a Ijar, dandalin intanet na hukuma da ake rajistar yarjejeniyar haya.

A ranar 25 ga Satumba 2025 hukuma ta hana ƙarin kuɗin haya a birnin Riyad har tsawon shekara 5, gidan kwana ne ko shago. Mai gida a can ba zai ƙi sabunta wa ɗan haya ba sai da dalili: ya ƙi biya, ko ginin ya zama haɗari, ko shi mai gidan ko iyayensa ko 'ya'yansa za su zauna a ciki. Wanda ya saɓa, tararsa tana iya kai kuɗin hayar wata 12. Na ji wasu na cewa ai wannan ta mutanen Riyad ce. To, dokar ta bar ƙofar a faɗaɗa ta zuwa wasu garuruwa, kuma akwai sashen da ya riga ya hau kan kowa: yarjejeniya tana sabunta kanta idan ba a sanar da ɗaya ɓangaren ba kwana 60 kafin ta ƙare. Alhajin da ke jiran Muharram ya kama sannan ya ce wa ɗan haya ya tattara, ya sani ya makara.

Saboda haka, Alhaji, ka sa ɗanka ko wani ofishin dillalai mai lasisi ya shigar da gidan a dandalin Ijar. Takardar Ijar ita ake kai wa kotun zartarwa ta hanyar Najiz, dandalin intanet na ma'aikatar shari'a, idan ɗan haya ya riƙe kuɗi, ba sai an yi doguwar shari'a ba. Kuɗin ma a karɓa ta katin banki na Mada ko tsarin biyan kuɗi na Sadad, a daina cusa riyal a aljihun jallabiya babu rasit. Kuma don Allah a bar ɗabi'ar yanke wa mutum wuta ko ruwa don ya gaji ya fita. Zalunci ne, a zafin Makka kuwa yana iya halaka tsoho ko jariri.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan uwanmu da igamarsu, wato takardar izinin zama a ƙasa, ta mutu. Ijar ba ta rajistar wanda ba shi da takarda, kuma tun rusau ɗin Jidda na 2022, da ya ci unguwannin Sabil da Karantina, ɗakuna suka yi tsada. Mai gida da ya san ɗan hayarsa na cikin wannan hali ya gaya masa da wuri, ya ba shi wa'adi mai tsawo ya gyara takardunsa ko ya nemi mafita, kada ya wayi gari ya ga kayansa a bakin ƙofa.

Malam Edita, da za ku samo lauya mai jin Hausa ya warware mana sassan dokar nan a shafinku, da kun taimaki iyayenmu mata masu gidajen gado, waɗanda ba sa karanta Larabcin takardun hukuma.

Wassalam,
Mai karatunku daga Misfala, Makka