Kun Bar Maganar Kayan Amarya a Shirinku Kan Iyalan Indiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na makon jiya kan zaman iyali a Indiya, kuma na ƙaru. Gaskiya ne yaro kan sunkuya ya taɓa ƙafar kakansa don neman albarka, ga zaman gandu inda 'ya'ya maza da matansu ke ci daga tukunya ɗaya. Har doka suka kafa a 2007 wadda ta wajabta wa 'ya'ya ɗaukar nauyin iyayensu idan sun tsufa.

Sai dai kun tsallake nauyin da ke wuyan uban 'ya mace. A gidaje da yawa a can, dangin amarya ne ke kai wa dangin ango dukiya: zinari, tsabar kuɗi, babur, firiji, wani lokaci har mota. Idan angon likita ne ko ma'aikacin gwamnati, kuɗin ya ƙara tashi. Tun 1961 hukuma ta haramta wannan al'ada, amma sai aka sauya mata suna, aka ce kyauta ce. Abin da ya fi ci mini rai, ba ranar biki ake rufe maganar ba. Amarya na ɗakinta, uwar miji na yi mata gorin abin da ubanta bai cika ba, daga gori sai duka. Da abin ya yi ƙamari, a 1986 aka ƙara doka ta musamman kan matar da ta mutu ta hanyar da ba a gane ba cikin shekara bakwai da aurenta, bayan an gallaza mata kan kayan. Duk da haka, alƙaluman hukumar Indiya sun nuna mata 6,450 ne suka rasa rayukansu a kan wannan a 2022 kaɗai.

Mu dai namiji ke ba da sadaki, alhamdulillahi. Amma ina ganin 'yan ganin ɗaki suna shafa kujeru, suna leƙa kicin, suna ƙirga buhunan gara. Na san uban da ya sayar da gonarsa saboda kada a raina 'yarsa a gidan miji.

Don Allah ku sake waiwayar batun, ku gayyato malamai da iyaye mata, a ji ta bakin waɗanda suka ci bashi don kayan ɗaki.

Mai sauraronku,
daga Zariya