Gaisuwar Sallah daga tashar Oakworth

Assalamu alaikum Baba,

Barkanku da Sallah, da fatan an yi layya lafiya. A gaida Inna da aiki, na san tun jiya ba ta bar bakin murhu ba. Allah Ya maimaita mana, Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Mu nan Ingila mun yi Idi a masallacin 'yan Pakistan da ke garinmu Keighley. Rago kuwa ban gan shi da ransa ba. Kuɗi na biya mahauci, aka miƙo mini nama a leda, ba kai ba ƙafa balle fata. Takwaranku Abba ya tsare ni wai ina ragon, na rasa ta cewa.

Washegari Asabar ba ni da aiki, kuma ba hawan Sallah, ba gidan dangi da za a zaga, sai na kwashi yara muka je hawa jirgin ƙasa mai kwal. Baba, dalilin wasiƙar nan ke nan, don tun da na shaƙi hayaƙin, ku nake tunawa.

Layin ɗan guntu ne, mil biyar daga Keighley zuwa Oxenhope, tashoshi shida. Masu masaƙun ulu na kwarin ne suka zuba kuɗi aka shimfiɗa shi, aka buɗe a 1867. A 1962 hukuma ta rufe shi, mutanen yankin suka ce ba su san zancen ba. Suka kafa ƙungiya, suka karɓi layin, a 1968 jirgi ya sake tashi. Har yau yawancin masu aikin 'yan sa kai ne, ba albashi.

Mun sauka a Oakworth, tashar wani ƙauye a gefen tudu. Ginin dutse ne ɗan ƙarami, bai fi zauren gidanmu da ɗaki biyu ba. Fitilun dandamalin na gas ne irin na da, a ɗakin jira akwai murhun kwal, ga tsofaffin akwatunan matafiya an jera kamar masu su sun je alwala ne. Titin mota ya ratsa layin a bakin tashar, kuma da hannu ake rufe ƙofar. Wani dattijo mai furfura, sanye da baƙar kwat da hular aiki, shi ya tura ta, motoci suka yi cirko-cirko, ba wanda ya danna hon. Sai ga jirgin ya hauro yana huci. Ummi ta toshe kunne ta shige bayana, Abba kuwa ɓurɓushin kwal ya ɓata masa farar shaddar Sallah, uwarsa na ta sababi.

Da jirgin ya wuce na gaida dattijon, na ce mahaifina ma ma'aikacin reluwe ne a Kaura Namoda, ƙarshen layin da ya taso daga Zariya. Nan take fuskarsa ta washe. Wai nawa ne faɗin layinmu? Na yi tsuru-tsuru. Shi ya gaya mini: namu ƙafa 3 da inci 6, nasu ƙafa 4 da inci 8 da rabi. Kunya ta kama ni, ɗan reluwe guda! Ashe duk labarin kwal ɗin Inugu da kuke ba mu bayan sallar isha'i, kunne kawai na ba ku.

A hanyar dawowa mun wuce Damems, wadda dandamalinta tarago ɗaya kawai yake ɗauka, kuma jirgi ba ya tsayawa sai an nema. Abba ya ce ta kakansa ce, tunda shi ma tsoho ne ba ya son hayaniya. Sai ku rama idan kun yi waya.

Roƙona ɗaya. Hoton nan naku da kakin aiki, wanda ke cikin adakar Inna, a sa Sani ya ɗauka da waya ya turo. Na yi wa dattijon alkawarin zan koma in nuna masa. Goron Sallah kuma na tura ta hannun Yaya Hadiza, a cire na yaran gidan Kawu.

A sa mu a addu'a.

Ɗanku,
Aminu