Wasiƙa daga Suva

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali ya yara, ya Hajiya da ƙafar, Allah ya ƙara sauƙi. Na ji saƙonka na WhatsApp kana min tsiya wai na gudu ƙarshen duniya na ɓuya, kuma ka daina kirana da yamma don Allah, awa 11 muke gabanku, lokacin da kuke sallar asuba mu nan har an yi la'asar. Tambayar da ka yi kuwa, wai me Turawa ke nema a Fiji suke ta tururuwa ƙasar da ko fetur ba ta da shi, amsarta ta fi ƙarfin saƙon murya shi ya sa na zauna na rubuto.

Ka fara riƙe wannan, tsibirai ne sama da 300, mutanen ƙasar gaba ɗaya ba su cika miliyan ɗaya ba, amma a 2019 baƙin da suka shigo sun kusa dubu 900, wato kusan kowane ɗan ƙasa da baƙonsa. Kuma abin dariyar shi ne da can gudun wurin ake yi. Bature na farko da ya hango tsibiran ɗan Holan ne, Abel Tasman, a 1643, bai ma sauka ba. A 1789 wani kyaftin ɗin Ingila mai suna Bligh, yaran jirginsa suka yi masa bore suka saka shi a ɗan kwalekwale da mutum 18, ya ratsa ta tsakanin manyan tsibiran biyu ga yunwa ga ƙishi amma ya ƙi tsayawa saboda labarin da ya ji cewa mutanen nan suna cin naman mutane, har yau ruwan wajen da sunansa ake kiransa. Kuma ba sharri ba ne zalla, a 1867 an kashe wani ɗan mishan Thomas Baker a cikin duwatsun Viti Levu, tsibirin da ya fi girma, sai a 2003 jikokin mutanen ƙauyen suka yi taro suka nemi gafarar zuri'arsa.

To waɗanda suka fara zuwa da gaske 'yan kasuwa ne, masu saran itacen sandal, bayansu masu busar da wata halittar ruwa mai kama da kokwamba suna kaiwa Sin. Su suka cika Levuka, garin da ya zama hedikwata ta farko, a can Sarki Cakobau ya miƙa ƙasar ga Ingila a 1874. Garin a matse yake tsakanin dutse da teku ba wajen faɗaɗawa, dole aka dawo Suva a 1882.

Abin da ni na fahimta, kuma shi ne amsar tambayarka, Fiji zango ce, irin na fatake. Ba don ita aka fara zuwa ba, hanya ce ta biyo ta kanta. A da, jirgin ruwan da ya taso daga Sidni ko Okland zai tafi Kanada dole ya yada zango a Suva, fasinja su sauko su miƙe ƙafa, to kamfanin jiragen ruwan Niyu Zilan mai suna Union Steam Ship ya ga ai kuɗi ne ke yawo a ƙasa, ya gina musu Grand Pacific Hotel aka buɗe a 1914. Yana nan har yanzu a bakin ruwa fari tas da dogayen baranda, wai ɗakunan ma an tsara su ne kamar na cikin jirgi don kar baƙo ya ji ya sauka. Ya taɓa mutuwa fa, an rufe shi a 1992 ya zama kango sama da shekara 20 kafin a gyara a sake buɗewa a 2014. Ni dai shayi kawai nake iya sha a ciki, kuɗin kwana ba na irina ba ne.

Tsallaken titi daga otal ɗin akwai fili, Albert Park, inda yara ke buga rugbi da yamma cikin taɓo. Duk sanda na bi ta wajen sai na tsaya na auna shi da ido, don a nan matuƙin jirgin sama ɗan Ostireliya Kingsford Smith ya sauke jirginsa Southern Cross a 1928, tafiyar farko da aka tsallake tekun Fasifik ta sama daga Amurka zuwa Ostireliya, sun yi awa 34 da wani abu a sama daga Hawayi ba tsayawa, kuma babu filin jirgi a ƙasar sam, sai da aka sare bishiyoyi aka kwantar da turakun waya kafin ya samu wajen dira. Wallahi in ka ga ƙanƙantar filin sai ka ce mutumin nan da sauran kwanansa ne kawai.

Filin jirgi na gaske yaƙin duniya na biyu ne ya kawo shi, a Nadi (Nandi suke faɗa), mutanen Niyu Zilan suka fara, daga baya aka faɗaɗa shi don Amurkawa. Bayan yaƙi jiragen da ke ƙetare tekun sukan sauka su sha mai a nan. Kuma an yi dace, Nadi tana yamma inda rana take, mu nan Suva ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ba rani ba damina, shi ya sa har gobe otal-otal ɗin suna can, da yawan baƙi ma har su koma gida ba su taka babban birnin ba. A 1951 wani ɗan Ostireliya Harold Gatty ya kafa Fiji Airways, daga baya ya koma Air Pacific, a 2013 suka dawo da tsohon sunan. A shekarun 1960 kuma gwamnati ta cire haraji a kan kaya irin su rediyo da kyamara da agogo, 'yan Ostireliya suka riƙa cika jirgin ruwa suna zuwa sayayya shagunan Indiyawa a Cumming Street.

Sai aka ƙero jiragen da ba sa buƙatar tsayawa shan mai, suka riƙa wucewa ta sama abinsu. A nan ne na sara wa mutanen nan, don da wasu ne shi ke nan an tashi kasuwa, su kuwa suka ce to bari mu sa a zo dominmu. Denarau da ake ji, inda manyan otal suke jere, fadama ce aka cike. Tsibiran Mamanuca da Yasawa suka zama wajen 'yan amarci da masu ninƙaya, fim ɗin nan na Tom Hanks da ya maƙale shi kaɗai a tsibiri, Cast Away, a Monuriki aka ɗauka. Kafin a fita shekarun 1980 kuɗin baƙi ya wuce na rake, alhali don raken nan Ingila ta kwaso Indiyawa kusan dubu 60 daga 1879 zuwa 1916 aikin ƙwadago, cikinsu har da Musulmi, jikokinsu ne muke sallar Juma'a tare yanzu kuma a wajensu nake sayen naman halal.

Amma sana'ar akwai saurin firgita. Juyin mulki a 1987, a 2000, a 2006, kowanne sai baƙi su ɗauke ƙafa a karya farashin ɗakuna a yi ta lallashi. Guguwar Winston ta 2016 ta kashe mutum 44. Korona ce ta fi duka, an rufe ƙasar daga Maris 2020 sai 1 ga Disamba 2021 aka buɗe, wani direban tasi da ke ɗaukata ya ce da a otal yake aiki, rana ɗaya aka sallame su ya koma ƙauye noman rogo, har a Facebook aka buɗe dandalin musaya ana ba da akuya a karɓi kayan gini saboda ba kuɗi a hannun kowa.

Ka lura ya ce ya koma ƙauye, yana da inda zai koma kenan. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙasar mallakar dangogin 'yan asali ne kuma doka ta hana sayarwa, tun 1940 akwai hukumar da ke ba da haya a madadinsu, otal komai girmansa ɗan haya ne, iyakarsa shekara 99. Ba wai na ce ba a cutarsu ba, manyan otal ɗin da yawa na 'yan waje ne ribar can take tafiya, ɗan ƙasa shi ne mai shara da ɗaukar jaka da murmushi yana bula bula (gaisuwarsu kenan) tun safe har dare, su kuma Indiyawa manoman rake wannan dokar ce ke hana su barci in hayarsu ta kusa ƙarewa. Duk da haka in ka shiga ƙauye za ka san da masu gida. Da muka je wani a gefen kogi sai da muka sayi damin saiwar yaqona (wata saiwa ce da suke dakawa su dama su sha) a kasuwa aka naɗe ta a jarida, aka ce na cire hula, abin ya min banbaraƙwai, muka ɗaura zani muka zauna a tabarma ƙafa a lanƙwashe, mai magana da yawunmu ya tura damin gaban dagaci yana jawabi, dattawa suna tafi da tafin hannu a kumbure, sai da aka karɓa sannan aka ce mun zama baƙinsu mu je mu ga ruwan da ke zubowa daga dutse. An dama abin a akushi ana zagayawa da ƙoƙon kwakwa, ni na ba da uzuri kuma ba wanda ya ɓata rai.

In da gaske kake za ka zo ka fara tara kuɗin tikiti tun yanzu don shi ne dodon, ka nemi hanyar Singafo kar ka bi ta Ostireliya saboda wahalar bizar wucewa, kuma kar ka ce za ka taho min da kilishi, a filin jirgi za su ƙwace. Ka gaida Hajiya da madam da duk 'yan majalisa, ka ce wa mai shayi ina sane da bashinsa.

Naka har kullum.