A daina ɗaura injin jirgin ruwa da ka

Ranka ya daɗe Edita,

Shekara 9 ke nan ina tuƙa jirgin fasinja tsakanin Ikorodu da Ebute Ero, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda yaranmu ke ɗaura inji ba awo. Farantin nan na saman farfela, daidai da gindin jirgi ya kamata ya zauna. Miƙaƙƙen katako ya isa a auna. In farantin ya yi sama, farfela ta shaƙi iska, inji ya yi ta ihu ba gudu, ruwan sanyaya shi ya yanke. Haka injin ƙanena ya ƙone a tsakiyar ruwa, mata na salati. In farantin ya yi ƙasa da yawa kuma, mai inji yake sha a banza. Inji mai tsawon ƙafa (sashen da ke sauka cikin ruwa) inci 20 ba na jirgi mai tsayin baya inci 15 ba ne.

Naka,
Wani matuƙi, Ikorodu, Legas