Zuwa ga aminina a Fatakwal

Assalamu alaikum,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya aiki? Mu nan hunturu ya kankama, ƙura ta rufe Dala.

Wani abu ne ya hana ni sukuni. Ran Juma'a muna cin tuwon dare, na buɗi baki zan kira ɗana, sai sunan ƙanena marigayi ya fito. Hajiya ta mayar da lomarta cikin kwano, ba ta ce uffan ba. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, kuma ka shaida ko a maƙabarta ban yi hawaye ba. Ni ne babba, ni ke karɓar gaisuwa a zaure. Tun ranar Juma'ar nan kuwa nake mafarkinsa, yana tsaye a zauren nan ya ba ni baya.

Na yi wa wani likitan ƙwaƙwalwa da muke sallah tare zancen, shi ya kawo min labarin Sigmund Freud, likitan birnin Biyana ta Ostiriya, wanda ya mutu a Landan a 1939. A ganinsa abin da mutum ya danne ba ya mutuwa. Ɓuya yake yi a wani lungu na zuciya da mai ita bai san da shi ba, ya riƙa leƙowa ta mafarki da suɓutar baki. Maganinsa kuwa magana: majiyyaci ya kishingiɗa a doguwar kujera, likita na zaune ta bayansa, ya faɗi duk abin da ya zo bakinsa ba tacewa.

Ban yarda da shi duka ba. Ya jingina kusan komai ga sha'awa, ya ɗauki addini ruɗi, har abokin aikinsa Carl Jung ma sun raba gari a 1913. Amma batun mafarkin ya taɓa ni, don tun muna islamiyya aka karantar da mu hadisin mafarki iri uku: bushara daga Allah, tsoratarwar Shaiɗan, da zancen zuci. Na ukun nan ban taɓa tsayawa a kansa ba.

Mukan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To nawa ya cika. Kwana uku kafin hatsarin da ya yi ajalinsa mun yi cacar baki a kan kuɗin shagonmu na Kwari, na gaya masa magana mai zafi, ban kuma nemi gafararsa ba. Ko Hajiya ba ta sani ba.

Don Allah ka kira ni bayan isha'i, ranar da ka samu sarari. Ka gaida madam da yara.

Naka amini,
daga Kano