Rasuwar aminin mahaifinmu, da abin da na gani bayan an kwashe rumfar makoki

Edita, Assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida in sauke wani abu da ya tokare min ƙirji yau kwana goma sha ɗaya kenan.

Aminin marigayi mahaifinmu ne ya rasu, zan sakaya sunansa sabida iyalinsa ba su san zan yi wannan rubutun ba, mu dai tun tasowarmu Baba muke ce masa kuma sai da na yi wayo sosai sannan na gane ashe ba ma jini ɗaya ba ne, tare dai suka yi yaran shago a Kantin Kwari tun kafin a haife ni. Ran Talata ya yi Magariba a masallacin unguwa, ya shigo gida ya ce wa Hajiya kansa na ɗan sara masa amma a zubo masa tuwo, kafin ta dawo da kwanon ta tarar da shi ya kife a kan tabarma. Aka tari adaidaita sahu aka nufi asibiti, likita na dubawa ya ce sai haƙuri, rai ya yi halinsa tun a hanya. Shikenan fa. Ba jinya ba wasiyya. Da na shiga gidan da daddare tuwon na nan a rufe da faifai ba wanda ya iya ɗauke shi, hularsa na rataye a ƙusa inda ya saba ajiyewa, wallahi wannan hular ta fi komai karya min zuciya.

Ni a status na WhatsApp na fara gani, wani ya ɗora hotonsa ya rubuta Allah ya jiƙan rai. Ni da sauƙi. Ƴarsa da ke karatu a Zariya ita ma haka ta gani, tana ɗakin kwanan ɗalibai ba kowa nata a kusa, alhali an shirya ƙanin mahaifinta ne zai kira ya ce jikin Baba ya yi tsanani ta taho. Haba jama'a, wannan rige-rigen na mene ne? Ladan me ake samu in kai ka fara sanarwa?

Da safe aka yi masa salla aka kai shi maƙabartar Dandolo. Bakina na ta maimaita Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un amma zuciyar ta ƙi karɓa, da aka fara mayar da ƙasa sai kuka ya ƙwace min, wani dattijo ya zungure ni wai namiji da kuka, ina tauhidin? Limaminmu Allah ya saka masa da alheri shine ya riƙo hannuna ya ce a ƙyale ni, ai Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na hawaye zuciya na baƙin ciki amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Na san hadisin tun a islamiyya, amma ban taɓa jin sa ya shige ni ba sai a bakin kabarin nan. Ashe haƙuri ba wai ka zama dutse ba ne. Daga baya na koma na karanta aya ta 155 zuwa 157 a Suratul Baƙara, inda Allah ya ce zai jarrabe mu da tsoro da yunwa da tawayar dukiya da rayuka, har ya yi bushara ga masu haƙuri, na ga ai an gaya mana tun tuni, mu ne dai muke ganin kamar da wasu ake. Hajiya kuwa addu'ar da Ummu Salama ta yi bayan rasuwar Abu Salama ita ta riƙe, Allahumma ajurni fi musibati wa akhlif li khairan minha, duk wanda ya shiga gaisuwa zai ji tana yi a hankali.

To amma Edita, abin da ya sa na ɗauko biro shine kwana na huɗu. Kwana uku an cika layi maƙil, rumfa biyu, kujeru, motoci har bakin titi, kuma abin takaici gidan mamacin ne ke ɗora tukunya ana ciyar da masu gaisuwa daga ɗan abin da ya bari, alhali da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta shekara ta 8 bayan hijira cewa Annabi ya yi a dafa wa iyalan Ja'afar abinci dan abin da ya shagaltar da su ya same su. Mu mun juya abin. Ran Asabar na koma, mai rumfa ya kwashe kayansa, ƙofar gida tsit sai ledojin ruwa a ƙasa, Hajiya ta shiga takaba wata 4 da kwana 10 za ta yi, yara shida, autan yana aji huɗu a firamare, shi ya buɗe min ƙofa yana tambayata wai yanzu wa zai dinga kai shi makaranta. Na rasa amsa.

Kunya ce ta kama ni, dan mutumin nan tun da mahaifinmu ya rasu a 2014 bai taɓa barin azumi ya kama ba tare da ya aiko mana da gero da sukari ba, shi ya tsaya a auren ƙanwata, shi ya kai ni wajen wanda ya koya min sana'ar da nake ci da ita yau, kuma in ka yi masa godiya sai ya ɓata rai ya ce bashin uban ku nake biya. Akwai hadisi a Sahihu Muslim, Abdullahi ɗan Umar ya haɗu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin kansa, da aka ce ai ya yi yawa sai ya ce uban wannan aminin Umar ne, kuma ya ji Annabi na cewa mafi girman biyayya shine mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa. Ni kuwa rabona da in je in gaishe da Baba tun ƙaramar salla, kullum sai in ce sai an kwana biyu, ga shi nan. Da na tuna wannan sai baƙin cikin ya ƙaru, amma kuma a nan ɗin na samu sanyi, dan ƙofar ba ta rufe ba, shi ya tafi amma waɗanda yake so suna nan.

Da aka yi shela a wajen jana'iza cewa mai bin sa bashi ya zo, mutum biyu ne kawai suka zo kuma an sallame su. Amma babban ɗansa ya nuna min littafin shago, sunayen waɗanda shi yake bi shafi-shafi, har yau ko mutum ɗaya bai leƙo ba. In kana cikinsu kuma kana karanta wannan, kuɗin marayu ne yanzu, ka san gidan.

Ranar Litinin in Allah ya kai mu ni da babban ɗan nasa za mu buɗe shagon mu fara bin littafin nan, autan kuma na karɓi kai shi makaranta tunda hanyata ce. Ina roƙon masu karatu su sa Baba a addu'a, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, ya haɗa shi da amininsa a Aljanna.

Naku,
wani mai karatu daga cikin birnin Kano.